Koriyar Tukunyar Gas: Yadda Kalifoniya Ta Shiga Tsakanin Mai Ɗuri da Mai Sayen Sabuwa

A gandun dajin Yosemiti da ke kan duwatsun gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, kwandunan shara na ƙarfe ne masu sakata, saboda beyar ta iya buɗe murfi. Sakatar ta yi maganin beyar, amma ba ta yi maganin abin da mutane ke ajiyewa a gindin kwandon ba. Masu zuwa hutu su kafa tanti, su yi kwana biyu ko uku, in sun naɗe kayansu za su kama hanya sai su jera wasu 'yan tukwanen gas koraye a ƙasa, kamar masu barin takalma a ƙofar masallaci. Sun san bai kamata a jefa su cikin shara ba, ba su san inda ake kai su ba, kuma ba mai son doguwar tafiya da su a but ɗin mota. A wannan gandu kaɗai an taɓa tattara sama da 20,000 cikin shekara guda.

Ita dai tukunyar gajeriya ce mai ƙiba, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, hannu ɗaya ke ɗaukarta. Tana cin laba ɗaya, wato giram 450 da 'yan kai, ta furofen, wani nau'in gas na girki. Wadda aka fi sani ita ce mai tambarin Coleman, wadda kamfanin Worthington ke ƙerawa a garin Chilton na jihar Wiskonsin. Bakinta mai murɗi ne, ana ɗaura ta kai tsaye a jikin ƙaramin murhu, ko fitila, ko abin gasa nama, ko na'urar ɗumama tanti. A murhu mai kai ɗaya, in an ƙure wuta, awa biyu take yi ta ƙare. Kiyasin da masu harkar shara suka daɗe suna ambata shi ne ana sayar da kimanin miliyan 40 duk shekara a Amurka ta Arewa, sama da miliyan 4 daga ciki a Kalifoniya. Kowace ɗaya an yi ta ne don a yi amfani da ita sau ɗaya a yar.

To a nan gardamar ta samo asali. Mutum ya riƙe tukunyar ƙarfe lafiyayya, ko ƙwarzane babu, a ce masa ta gama aiki. Wasu suka ce ba za ta saɓu ba, suka koma ɗura mata gas da kansu a gida. Wasu suka ce rai ya fi kuɗi, suka ci gaba da sayen sabuwa. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja kafin majalisar dokokin Kalifoniya ta tsoma baki, kuma da ta tashi yanke hukunci ba ta ba kowane ɓangare gaskiya ba.

Lissafin mai ɗuri

Sai an yi wa mai ɗuri adalci tukuna, domin lissafinsa ba shi da kuskure. A 'yan shekarun nan sabuwar tukunya ɗaya takan kama dala 5 zuwa 7 a yawancin shaguna, a kantin da ke bakin gandun daji kuwa ta fi haka. Babbar tukunyar da kusan kowane gida mai abin gasa nama na gas yake da ita tana cin laba 20, wato kilo 9, kusan galan 4.7. Mu ɗauka an sayi galan a dala 4 a wurin ɗuri: cika ta bai kai dala 20 ba. Laba ɗaya ta tashi a dala ɗaya ke nan. Wanda ya biya dala 6 a kan 'yar koriya, gas ɗin dala ɗaya ya saya, sauran biyar ɗin kuɗin gwangwani ne da fenti da dako da ribar mai shago. In ya juye babbar tukunya guda cikin ƙanana ashirin, dala 100 ta zauna a aljihunsa. Mahaɗin tagullar da ake yin juyen da shi kuwa, wajen dala 10 ake sayar da shi, a fili, a shagunan kayan aiki da kasuwannin intanet.

Akwai ɗan ƙarin bayani da masu wannan lissafi suka fi kowa sani. Kamfanonin da ake kai wa babbar tukunya wayam su ba da cikakkiya a madadinta, irin su Blue Rhino da AmeriGas, tun wajen 2008 laba 15 suke zubawa a tukunyar laba 20. Suna rubutawa a jiki, ba ɓoyewa suke ba, amma mai saye ba kasafai yake karantawa ba. Mudu ne dai mai lotsattsen gindi. Shi ya sa gogaggen mai ɗuri ba ya musaya, wurin da ake aunawa a gabansa yake zuwa.

Ban da kuɗi, mai ɗuri yana da hujja ta biyu, kuma ita ce ta sa mutanen kirki da yawa suka shiga harkar: duk tukunyar da ya sake cikawa, guda ɗaya ce ta ragu a juji.

Abin da ke faruwa a gareji

Furofen ruwa ne a cikin tukunya, matsi ne ya riƙe shi a haka. In ya sami kafa ya fito sarari yakan tafasa nan take, domin a digiri 42 ƙasa da sifili yake tafasa, kuma lita ɗaya ta ruwansa takan zama wajen lita 270 ta iska. Don a juye shi daga babbar tukunya zuwa ƙarama, ruwan ake so ya gangara, ba iskar ba. Saboda haka mai ɗuri yakan kifa babbar a kan tebur, kai a ƙasa gindi a sama, ya ɗaura ƙaramar a gefe da mahaɗin nan. Kafin nan ya riga ya kwantar da ƙaramar a firiza, kusa da kaji da kankara, don sanyi ya rage matsin cikinta ta ja ruwa da kyau. Ya murɗe bawul, a ji wani sauti siririn kamar ana tsiyaya mai a galan, bayan minti guda ya yi shiru. Ya rufe, ya kwance, ɗan farin hayaƙi ya yi fiit a bakin. In ya taɓi fatar hannu ƙuna yake, irin ƙunar sanyi.

Sau da yawa ba ta cika a karon farko, sai rabi ko kashi biyu cikin uku. Nan ne dabara ta biyu ke shigowa, kuma ita ce mafi muni. A kafaɗar tukunyar akwai wani ɗan bawul mai kama da na tayar mota, aikinsa shi ne ya buɗe da kansa ya rage matsi in ya yi yawa. Mai ɗuri sai ya sa siririyar filaya ya jawo tsinken cikinsa, iska ta fita, ruwa ya ƙara shiga. Tukunya ta yi nauyi a hannu, ransa ya yi fari. Abu biyu ya yi a lokaci guda bai sani ba: ya cika ta fiye da ƙima, ya kuma taɓa lafiyar bawul ɗin da ake dogaro da shi ranar da abin ya ɓaci.

Maganar ƙima ita ce zuciyar lamarin, don haka bari mu ɗan zauna a kanta. Ruwan furofen yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba. Lita ɗaya a digiri 15, in ta kai digiri 50 ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100. Dalili ke nan da ya sa ƙa'idar ɗurin gas a ko'ina ita ce a tsaya a wajen kashi 80 cikin 100, a bar wa ruwan filin miƙe ƙafa. Cikin 'yar koriya lita ɗaya ne da ɗan ɗori. Laba ɗayar da kamfani ke zubawa takan bar kusan kashi ɗaya cikin biyar fayau. In aka cika ta har wuya, ƙarin da ya shiga bai wuce giram 100 ba. Nauyin ƙwai biyu. Wannan ne duk tazarar da ke tsakanin tukunya mai lafiya da wadda ba ta da sauran wurin numfashi, kuma ba hannun da zai iya gane wannan bambanci ta hanyar jinjinawa.

Manyan tukwane, daga laba 4 zuwa 40, tun 1998 ake ƙera su a Amurka da wani ɗan maruƙi mai yawo a saman ruwa wanda ke toshe hanya in an kai ƙima, kuma daga 2002 aka daina ɗura wa marasa shi. 'Yar koriya ba ta da wannan, domin ba a taɓa nufin wani ya cika ta a wajen masana'anta ba.

Yanzu a ɗauki tukunyar da aka cika da sanyin safiya a gareji, a jefa ta a but, a ajiye motar a rana a kwarin tsakiyar Kalifoniya cikin watan Yuli, inda zafin waje kan kai digiri 40, na cikin mota kuma ya zarce haka sosai. Ruwan ya kumbura ya cinye ɗan filin da ya rage. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka daga wannan lokaci ƙarin digiri kaɗan ya isa ya cilla matsin sama. In bawul ɗin kafaɗa na da lafiya zai buɗe ya fesar da rarar. Wannan shi ne sakamako mai sauƙi, amma a duba inda ya fesar. Giram 100 na furofen iska ce ta lita 50 da wani abu. Furofen yakan kama wuta in ya kai kashi 2 da ɗigo cikin 100 na iskar wuri, har zuwa kashi 9 da rabi. Rarar nan kaɗai ta isa ta mai da iskar cikin ƙaramar mota abin da ke jiran tartsatsi. Ga shi ya fi iska nauyi da rabi, ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa a kwari. Warin da ake ji a jikinsa ma sa masa aka yi da gangan don hanci ya yi gargaɗi, shi kansa ba ya wari.

In kuwa bawul ɗin bai buɗe ba, sai jikin tukunyar ya ɗauki nauyin. Ƙarfenta siriri ne in an gwada da na tukunyar da aka yi don ɗuri, kuma ba wanda ya taɓa leƙa cikinta ya ga ko tsatsa ta fara ci. Masu ɗuri sun san alamar: gindi ko gefe ya ɗan kumbura, ta daina zama daidai a kan tebur.

Amma abin da ya fi yawan faruwa bai kai wannan tashin hankali ba, yoyo ne kawai. Bawul ɗin baki ɗan tsinke ne da 'yar roba, an yi shi don a ɗaura a kwance 'yan lokuta har gas ɗin ya ƙare. Bayan ɗuri na uku ko na biyar sai ya daina komawa mazauninsa sosai. Masu lura sukan ɗiga ruwan sabulu a bakin su ga ko zai yi kumfa, sukan auna kowace tukunya a sikelin kicin, sukan yi aikin a waje nesa da wuta. Ba na musun cewa mai yin haka ya rage haɗari ƙwarai, kuma akwai waɗanda suka shekara ashirin suna yi ko ƙwarzane ba su samu ba. Sai dai bawul ɗin da bai yi kumfa yau ba yana iya fara tsiyaya jibi a cikin kabad, kuma mahaɗin dala 10 ba ya zuwa da sikeli, ba ya zuwa da haƙuri.

A watan Janairun 2016, a garin Everett na jihar Washinton, wata mata mai 'yar rumfar sayar da kofi a bakin titi ta rasu sakamakon gobarar da ta tashi a rumfar. Binciken 'yan kwana-kwana ya nuna ana juye gas ne daga babbar tukunya zuwa ƙarama don na'urar ɗumama wuri. Lokacin sanyi ne, rumfa ce ƙarama a rufe. Duk abin da aka lissafa a sama ya haɗu a wuri guda.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ga abin ba baƙo ba ne, ko da yake mu ba mu san tukunyar yarwa ba. Tamu mai kilo 3 da 6 da 12.5 ɗuri ake yi mata har ta tsufa. Amma juye daga tukunya zuwa tukunya a shagon cikin unguwa, wanda hukumomin mai da gas na Najeriya suka sha gargaɗi a kansa, ɗan'uwan wannan aikin gareji ne uwa ɗaya uba ɗaya. Haka kuma dogon gwangwanin nan mai kama da na maganin sauro da ake saƙawa a gefen ƙaramin murhun tafi-da-gidanka: na yarwa ne, kuma don gas ɗin butan aka yi shi. A zafin ɗaki matsin furofen ya ninka na butan wajen sau huɗu. Wanda ya ɗura masa gas ɗin da bai san haɗinsa ba, ya ajiye a ɗaki cikin watan Afrilu, ya fi mutumin Kalifoniya kasada.

Me doka ta ce

A jikin kowace 'yar koriya akwai lamba DOT-39, wato ajin tukwanen da Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta ware a matsayin waɗanda ba a sake cikawa. Kusa da ita, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa dokar tarayya ta hana ɗaukarta a hanya in an sake cika ta, kuma hukuncin yana iya kaiwa tarar dala 500,000 da ɗaurin shekara 5. Rubutun ya ambaci sufuri, bai ambaci ɗurin kansa ba, kuma a wannan 'yar kafa masu ɗuri suka kafa tantinsu. Wasu su ce in a gidanka ka cika a gidanka ka ƙona ba ka taka doka ba. Wasu su ƙara da cewa dokar sufurin kasuwanci take nufi, ba mutum da motarsa da iyalinsa ba. Hukumar da ke kula da safarar kaya masu haɗari a ƙarƙashin ma'aikatar ba ta tsaya wannan muhawara ba, gargaɗinta a taƙaice shi ne kada a cika su sam.

A aikace dai dokar ba ta da haƙora a kan mutum ɗaya. Ba ɗan sandan da zai tsayar da mota ya gane tukunyar da aka sake cikawa da ido. Mahaɗin kuma sayar da shi ba laifi ba ne. Tarar rabin miliyan ta zama abin da ake karantawa a yi murmushi.

Wanda ba a tambaya ba

Da a ce mai sayen sabuwa shi ne mai gaskiya cikakkiya, da magana ta ƙare a nan. Amma a koma gindin kwandon Yosemiti. Tukunyar da aka ce ta ƙare ba kasafai take ƙarewa ba. Wuta ta yi rauni, mai girki ya canza wata, saura ya zauna a ciki. Wasu ma da rabi ake barinsu, don mai su jirgi zai hau kuma ba a shiga jirgi da gas. A Kalifoniya ana lissafa irin wannan tukunya cikin shara mai haɗari, wurin karɓarta daban ne. Kafin mai sayen tsohon ƙarfe ya karɓa sai an zuƙe ragowar gas ɗin, an huda ta, an tabbatar wayam take. Aiki ne na hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗan ƙarfen da za a samu bai isa ya biya ladan aikin ba. Gandun Yellowstone tun 2005 ya nemo wata na'ura ta musamman da ke zuƙe gas ɗin ta lanƙwasa gwangwanin, amma ba kowace ƙaramar hukuma ke da irinta ba.

Mafi yawansu ma ba sa isa wurin karɓar. Cikin baƙar leda suke shiga, daga nan sai motar kwasar shara mai matse kaya da ƙarfin inji, daga nan sai injin da ke ɗaure gwangwanaye dami-dami. Tukunya mai saura ta shiga tsakanin ƙarafa biyu, ga takardu da robobi kewaye da ita, ga ma'aikaci tsaye a gefe. Ba shi ya saya ba, ba shi ya sayar ba, ba shi ya ci ribar ba. Kuɗin tattarawa da na gyaran inji kuwa daga aljihun gandun daji da ƙananan hukumomi yake fita, wato daga haraji da kuɗin shara na kowa da kowa, har da wanda bai taɓa kwana a tanti ba. Dala 6 ɗin da mai saye ke kuka da ita ashe ba ita ce cikakken farashin ba.

Ke nan mai ɗuri ya ɗora haɗarin a kan kansa da iyalinsa, mai sayen sabuwa ya tura nasa gaba ga wanda bai sani ba. Gaba kura, baya sayaki.

Hanya ta uku, da yadda ta zama doka

Mafitar ba wata sabuwar fasaha ba ce. Tukunya ce mai girma ɗaya da baki iri ɗaya, wadda za ta hau kowane murhun da 'yar koriya ke hawa, amma an ƙera ta a ajin tukwanen ɗuri: ƙarfe mai kauri, bawul mai jure ɗaurawa da kwancewa, da wani ɗan mashaƙi a gefe da ake buɗewa lokacin ɗuri, wanda ke fara tofar da farin hayaƙi daidai lokacin da ruwa ya kai ƙima. Shekara 12 take aiki kafin a buƙaci sake gwada ta. Ta kamfanin Flame King ce ta fara yin suna, daga baya kamfanin Mr. Heater ya fito da tasa mai suna Fuel Keg. Wani kamfanin gas a garin Manteca kuma ya fito da tsarin Little Kamper, irin na kwalbar lemo ta da: ka kawo wayam, ka cika kuɗi, a ba ka cikakkiya. Mu ɗauka an sayi tukunyar ɗuri wayam a dala 20. Wanda ke cika ta daga babbar tukunyarsa ya mai da kuɗinsa a ɗuri na huɗu.

A 2015 ƙungiyar California Product Stewardship Council ta fara wani gangami mai suna ReFuel Your Fun, da tallafin hukumar sarrafa shara ta jihar, don jawo shaguna su riƙa sayar da irin wannan tukunya suna kuma cika ta. An sami ci gaba, amma tafiyar hawainiya ce. Mai shago ya fi son kayan da za a dawo a sake saye, mai saye kuma hannunsa ya fi saurin kaiwa ga mai arha a kan kanta.

Sai aka koma majalisa. A 2022 Sanata Bob Wieckowski ya kai ƙudiri mai lamba SB 1256 na hana sayar da tukwanen yarwa, majalisa ta amince, Gwamna Gavin Newsom ya hau kujerar na-ƙi. Dalilinsa shi ne hani kai tsaye ba tare da shirin wuraren tattarawa da ɗuri ba zai iya kawo cikas, kuma ya fi karkata ga tsarin da zai ɗora wa masu ƙerawa nauyin kwashe abin da suka sayar. A wannan shekarar jihar Konetikat ta bi wannan hanya ta biyu ta yi doka a kai. Hujja ce da Bahaushe ya riga ya sani: wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Bayan shekara biyu Sanata John Laird na yankin Santa Cruz, wanda ya riƙe ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar daga 2011 zuwa 2019, ya dawo da maganar a ƙudiri mai lamba SB 1280. A watan Satumban 2024 gwamnan da ya ƙi na farko ya rattaba hannu a kan na biyu. Daga 1 ga Janairun 2028, tukunyar furofen ta irin wannan aji ba za a sayar da ita a Kalifoniya ba sai wadda ake iya sake cikawa. An keɓe wasu: dogayen sirara da masu aikin famfo da gini ke ɗaura wa bakin wuta, da waɗanda hukumomin gwamnati za su saya don agajin bala'i. Ita ce jiha ta farko a Amurka da ta yi haka.

Abin da ya burge ni a wannan doka shi ne ba ta bi mai ɗuri gareji da sanda ba. Ta yarda da lissafinsa, ta ce tukunyarsa ce ba daidai ba, ta nufi shago ta canza abin da ke kan kanta. An riga an ga cewa tarar da ke jikin gwangwani ba ta hana kowa komai ba. Shago kuwa ana iya shiga a duba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, kuma ƙorafin gwamnan na 2022 bai mutu don ya sa hannu a 2024 ba. Tukunyar ɗuri ba ta da amfani ga baƙon da ya sauka a San Faransisko ya yi hayar mota zai yi kwana uku a daji, sai in akwai inda zai karɓa a hanyar shiga ya mayar a hanyar fita. In babu, zai saya a dala 20 ko fiye, ya bar ta a gindin kwandon nan dai, an yi asarar ƙarfe mai kauri maimakon siriri. Yawancin wuraren ɗurin gas kuma an shirya su ne don manyan tukwane. Ma'aikaci ya bar abin da yake yi ya zo ya cika laba ɗaya a kan dala biyu ko uku, ba kowane mai wuri zai ga riba a ciki ba. Inda wurin ɗuri ya yi nisa, mutane gida za su koma, su kifa babbar tukunya kamar da. Gaskiya ne yanzu ƙaramar tana da mashaƙin da zai nuna ƙima, amma mashaƙin gas yake fitarwa duk tsawon ɗurin, wanda ya yi a rufaffen gareji kusa da tukunyar dafa ruwan wanka bai tsira daga abin da ya faru a Everett ba. Su ma tukwanen ɗurin ba daga sama suka faɗo ba: a 2017 an janye dubun-dubatar na Flame King daga kasuwa saboda matsalar yoyo a wajen bawul.

Akwai kuma waɗanda tun tuni suka fita daga gardamar gaba ɗaya. Sun sayi mesa mai mahaɗi, sun jona murhun kai tsaye da tukunyar laba 5 ko ta laba 20, ba juye ba yarwa. Ga mai zuwa da mota, wanda shi ne mafi rinjaye a sansanonin Yosemiti, ban ga abin da ya fi wannan sauƙi da arha ba. Nauyi ne kawai aibinsa.

Dokar sayarwa ta hana, ba ta hana mallaka ko amfani ba, kuma iyakarta iyakar jihar. Shagunan Nebada da Oregon da Arizona za su ci gaba da jera 'yan koraye a kan kanta bayan 2028. Daga birnin Reno na Nebada zuwa ƙofar gabas ta Yosemiti tafiyar awa uku ce a mota, kuma cikin mutum wajen miliyan 4 da ke shiga gandun duk shekara, da yawa daga wajen Kalifoniya suke zuwa da kayansu a but.